Yajin ƙasar Sin da abincin talakawanta: rahoto ga 'yan uwa na gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman abokan sana'a na Kantin Kwari da Sabon Gari masu shigowa sarin kaya.

Duk wanda ya kira ni daga gida, in an gama gaisuwa an tambayi canjin kuɗi, magana ta uku ita ce: "Wai me kuke ci a can?" Waɗanda suka taɓa zuwa kuwa tuni sun yanke hukunci, wai abincin Sinawa lami ne, ba gishiri ba yaji, ga fargabar alade. Shi ya sa bawan Allah zai sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou da jaka cike da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, har da kilishin da kwastam ba sa yarda ya shiga domin nama ne. Ya yi mako biyu daga otal sai gidajen abincin 'yan Afirka na unguwar Xiaobei, inda farantin shinkafa da miya ke cinye kuɗin da zai ci abinci sau uku a cikin gari. Ban ga laifinsa ba, ciki ba ya son baƙon abu. Amma hukuncin nan na Guangzhou ne kaɗai. Mutanen lardin Guangdong ba ma'abota yaji ba ne, girkinsu turarawa ne da romo marar nauyi. Aikina na bin masana'antu da rakiyar masu saye ya kai ni garuruwan cikin ƙasa, kuma a can na ga mutanen da ke cin barkono fiye da mu, a shagunan da lebura da ɗalibi ke shiga ba tare da sun taɓa aljihu sau biyu ba.

Maganar halal ce kan gaba, don in ba ta ba sauran duk zance ne. Ku haddace waɗannan haruffa biyu: 清真. Ana karanta su "cing-jen", kuma su ne alamar gidan abincin Musulmi, galibi a kan koren allo. A da akan haɗa da rubutun Larabci, amma a garuruwa da yawa an cire shi, saboda haka haruffan ne abin dogaro. In ka leƙa ka ga mai gida da farar hula, uwargida da ɗankwali tana karɓar kuɗi, hankalinka ya kwanta. Yawancinsu 'yan ƙabilar Hui ne ko Salar daga lardunan Gansu da Qinghai, sai Uygur na Xinjiang. Sai dai wasu manyan gidajen, duk da alamar, suna sayar da giya ga baƙi. Naman halal ne, amma wanda ba ya son zama a irin wannan wuri ya duba firjin kafin ya zauna.

Abincin da ya rufa wa matafiyi asiri a ƙasar nan shi ne taliyar Lanzhou, hedikwatar lardin Gansu. Da wuya ka sauka a tashar jirgin ƙasa ka yi tafiyar minti goma ba ka ga shagonta ba. Ana danganta asalinta ga wani Musulmi mai suna Ma Baozi a shekarar 1915. A gabanka ake yin ta. Saurayi zai yanko curin ƙullu, ya murza shi a kan tebur, ya kama baki biyu ya ja iya buɗewar hannunsa, ya ninka, ya sake ja, ya buga a kan katako ya ninka, kafin ka gama zare tsinken cin abinci curin nan ya zama zare-zare a tsakanin yatsunsa. Ya wurga cikin tafasasshen ruwa, bai fi minti ɗaya ba a tsamo. Sai a zuba romon ƙashin shanu wanda ya kwana a wuta, garau kana ganin gindin kwano, a sa yankakkiyar farar saiwa, a barbaɗa ɗanyen ganye, sannan a ɗebo ludayin jan man barkono a malala a kai. Kai za ka zaɓi kaurin taliyar, siririya ko faffaɗa. A Guangzhou kwano yana kamawa daga yuan (kuɗin ƙasar Sin) 12 zuwa 18, a Lanzhou kanta bai kai yuan 10 ba, kuma can abincin safe ne, shagunan kirki kan rufe da rana. Aibinta ɗaya: nama. Yanka uku ko huɗu ne sirara ƙwarai. Mutumin da ya saba da tsokar mai abinci ta gida dole ya ƙara kuɗi a kawo masa farantin nama daban da dafaffen ƙwai.

In nama kake so, nemi mutanen Xinjiang. Tsirensu na rago ne, ana jera tsoka da kitse a tsinken ƙarfe, a gasa a kan gawayi, a barbaɗa gishiri da garin barkono da wata ƙwayar ƙamshi da Larabawa ke kira kammun. Babu ƙuli a yajinsu, don haka bai kai namu nauyi a baki ba, amma naman ya fi laushi domin ba a barin sa ya bushe a wuta. Suna da gurasa ta tanderu, suna da dafa-dukar shinkafa da karas da rago. Wanda ya fi burge ni shi ne dapanji: kaza guda a sassara, a dafa da dankalin turawa da busasshen barkono da tattasai da tafarnuwa, a kawo a babban faranti, in an kusa cinye naman a zubo faffaɗar taliya cikin sauran miyar. Mutum uku ko huɗu za su ƙoshi, in an raba kuɗin kowa bai wuce yuan 25 zuwa 30 ba. Duk baƙon da na kai wurin nan, washegari shi yake cewa a koma.

Xi'an ita ce garin da Musulmi zai saki jiki. Bayan hasumiyar ganga akwai unguwar Musulmi da tsohon babban masallacinta wanda aka gina da fasalin gine-ginen Sinawa. Babban titin na 'yan yawon buɗe ido ne, farashinsa ma nasu ne. Shiga lungunan baya inda mazauna unguwar ke ci. A can za a ba ka kwano da busasshiyar gurasa ka zauna ka gutsuttsura da hannunka ƙanana-ƙanana, a karɓa a kai kicin a dafa da romon rago, a dawo maka da shi tare da jiƙaƙƙiyar tafarnuwa da miyar barkono a gefe. Yajin Xi'an ƙamshi ne ya fi yawa: garin barkono ake tarawa a kan taliya a kwarara masa tafasasshen mai, ya yi ƙara, ƙamshin ya cika shagon.

Daga Xi'an jirgin ƙasa mai sauri, wanda aka buɗe layinsa a ƙarshen 2017, yana ratsa duwatsu ya kai ka Chengdu cikin awa huɗu ko ƙasa da haka. A nan ne maganar yaji ta zama babba. Chengdu hedikwatar lardin Sichuan ce, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa ta cikin biranen da suka shahara da girki. Barkono ba ɗan asalin ƙasar Sin ba ne, daga nahiyar Amurka ya zo wajen ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda mu ma baƙo ne a wurinmu. Kafin zuwansa mutanen Sichuan suna da nasu ɗan itacen, huajiao, ƙananan ƙwayoyi jajaye masu fashewa. Dangin fasa-ƙwari ne da iyayenmu mata ke dakawa cikin yaji, amma nasu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da hannu suke ɗibarsa. In ka tauna ƙwaya ɗaya, da farko ƙamshi za ka ji mai kama da na ɓawon lemo, sai leɓe ya fara rawa, harshe ya yi sanyi ya mutu na ɗan lokaci. A kan wannan mutuwar harshen barkono ke sauka. Shi ya sa za ka ga faranti jajir da busasshen barkono ka ɗauka ba zai ciwu ba, amma ka ci ka ƙara. Ba a cin barkonon kansa, naman ake tsincewa a ciki.

Suna da awara, kuma ba soyawa suke yi ta bushe kamar tamu ba. Mai laushi ce, ana dafa ta cikin jan mai da niƙaƙƙen nama da wani haɗin wake da barkono da ake shanyawa a tulu watanni har ya nuna, wanda na garin Pixian ya fi suna. Aikin da daddawa ke yi a miyarmu shi wannan haɗin ke yi a tasu. Faranti ɗaya da shinkafa, yuan 20 da 'yan kai, ka tashi da gumi.

To amma a Sichuan ne ya kamata mutum ya fi kiyayewa. Mutanen nan alade ne namansu na yau da kullum. Kwanon ganye zalla ma ana iya soya shi da kitsen alade, ƙaramar taliyar da ake yabo ta Chongqing, babban birnin da ke maƙwabtaka da Sichuan, haka take a shaguna da yawa, kuma suna zuba giyar girki a nama da kifi. Cewa "ba na cin alade" ba ya wadatarwa, domin mai girkin zai cire tsokar ne ya bar man, kuma ba da mugunta ba, shi a ganinsa ya biya maka buƙata. Ni dai a Chengdu unguwar masallacin Huangcheng nake nufa, kusa da dandalin Tianfu, inda Musulmin garin ke yin girkin Sichuan ɗin nan da naman shanu. Ɗanɗanon bai ragu da komai ba. Haka tukunyar wuta ta Chongqing, wadda ake ajiye romo mai kitsen shanu da barkono yana tafasa a tsakiyar tebur, kowa yana tsoma tumbi da siraran nama da ganye yana tsamowa ya dangwala a man riɗi da tafarnuwa. Akwai ta halal, sai dai a nema, kuma ta fi sauran tsada, mutum ɗaya zai iya kashe yuan 80 ko fiye.

Hunan, lardin da aka haifi Mao Zedong, yajinsa ne ya fi kusa da namu. Ɗanyen barkono ne da wanda aka yanka aka jiƙa da gishiri, babu mai kashe harshe, zafi ne kai tsaye irin na attarugu. Kan kifi da suke turarawa a lulluɓe da jan barkono ya cancanci sunan da ya yi. Daga Guangzhou zuwa Changsha, hedikwatar lardin, bai kai awa uku ba a jirgin ƙasa. Gidajen halal sun yi ƙaranci a can, don haka ban cika sakewa ba.

Abin da nake so masu sana'ar abinci na gida su ji shi ne tsarin. Farashi a rubuce yake a bango tare da hoton kowane abinci, abin da Basine zai biya shi baƙo zai biya, ba a duban fuska ko sutura. Wanda ba ya jin yaren sai ya nuna hoto da yatsa. Kicin a buɗe yake ko a bayan gilashi. A bango akwai takardar hukumar duba abinci mai nuna matakin tsabtar shagon. Ba a ba ma'aikaci tukuici, ba ya kuma jira. Ruwan zafi ko shayi marar sukari kyauta ne. Kuɗin hannu ya kusa ɓacewa, da waya ake biya ta WeChat ko Alipay, kuma tun 2023 baƙo na iya haɗa katin bankinsa na waje da su, ko da yake katunan gida ba kullum suke yarda ba, don haka a riƙe 'yan takardun yuan. Rigimar "babu canji" da ke cinye wa mai abinci da mai saye lokaci ba ta nan. Ba wani abin al'ajabi a cikin waɗannan, allo da alli sun isa a fara da rubuta farashi. Wutar lantarki da gas da ba sa yankewa ne suka sauƙaƙa musu sauran, wannan kuwa ba laifin mai tuwon tasha ba ne.

Akwai inda muka fi su. A nan ba wanda zai ƙara maka miya don ya ga kai baƙo ne, babu gyara, babu "ci ka kawo gobe". Wasu shagunan har takardar goge hannu da kwanukan da aka naɗe a leda sai ka biya yuan ɗaya ko biyu. Mai ya yi yawa a girkin Sichuan, wanda ke da hawan jini ko gyambon ciki ya bi a hankali. Ana shan taba a cikin wasu ƙananan shagunan duk da an hana. Wurin wanke hannu ma ba kowane shago ke da shi ba, tunda su da tsinke suke ci. Ka roƙi cokali, za a ba ka ba tare da wani kallo ba.

Ga mai zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Afrilu ko Oktoba, ko mai wucewa Yiwu, garin sarin kaya, ya fara da taliyar Lanzhou da ke kusa da masaukinsa, sannan dapanji, kafin ya taɓa na Sichuan. In an tambaye shi yawan yaji ya ce "wei la", wato kaɗan, domin kaɗan ɗin mutanen Chongqing ya isa Bakano. In baki ya ɗauki wuta ruwan sanyi ba ya kashe ta, madarar waken suya ko kindirmon kwalba da ake sayarwa a shagon su ne magani. Ranar doguwar tafiya a jirgin ƙasa kuma a sayi gurasa da dafaffen ƙwai tun daga gari, domin abincin cikin jirgi ya ninka na waje tsada, kuma ba kullum ake samun na halal ba.