Kilimanjaro ko sansanin Everest: wanne ya fi dacewa da mutumin Yamai?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka tara guzuri, hutunka na aiki bai wuce mako uku ba, kana gudu kowace safiya a bakin kogi, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin hawa Kilimanjaro a Tanzaniya da tattaki zuwa sansanin gindin Everest a Nepal. Ka kuma tambayi irin shirin da ya kamata. Amsata ita ce: kar ka duba wanne ya fi tsawo, ka ƙirga darare nawa kowanne zai ba jikinka kafin ka kai sama. Duk sauran bayanin a kan wannan ya rataya.

Yamai tana kan mita 200 da ƴan kai daga matakin teku. A nan aka haife ka, a nan jininka ya saba. Yayin da mutum ke hawa, iska tana yin shara-shara, har idan ya kai wajen mita 5,500 abin da numfashi ɗaya ke kai wa huhu na iskar oksijin bai wuce rabin na bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa, numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, amma kwanaki yake buƙata, kuma gudun safiya ba ya rage kwanakin nan ko da ɗaya. Hasali ma samari masu ƙarfi su ne suka fi faɗawa tarko, domin ƙafarsu tana kai su inda huhunsu bai shirya ba. Ƙa'idar da likitocin tsaunuka suka tsayar ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, wurin kwanan yau kada ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a yi rana guda ba a ƙara hawa ba. Riƙe wannan ma'auni, mu ɗora tafiyoyin biyu a kai.

Ƙololuwar Kilimanjaro, wadda ake kira Uhuru, mita 5,895 ce. Hanyar da ta fi araha ita ce Marangu ta kwana biyar. Ana shiga ƙofar gandun a wajen mita 1,860, a kwana a Mandara kan mita 2,700, washegari Horombo kan mita 3,720, rana ta uku Kibo kan mita 4,700, sannan da tsakar daren nan a tashi a nufi ƙololuwa. Kusan mita dubu ke nan kowane dare, ninki biyu na abin da aka yarda da shi. Mutane da yawa a hanyar nan suke juyawa da amai da ciwon kai, ba don raki ba. Araha ba ta ado. Idan wani kamfani ya ce zai kai ka a kwana biyar don ya rage maka kuɗi, ka yi masa godiya ka wuce.

Tattakin Nepal kuwa daga Lukla yake farawa, wani ƙaramin gari da ake zuwa a jirgin sama, kan mita 2,860, ya ƙare a sansanin kan mita 5,364. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 130 ne, galibi a kwana 12, takwas na hawa. Cikin tsarin tafiyar an riga an saka ranakun hutu biyu, ɗaya a Namche Bazaar mai mita 3,440, ɗaya a Dingboche mai mita 4,410. A ranakun nan ba kwanciya ake yi ba, ana hawa wani tudu da hantsi a sauko a kwana inda aka kwana jiya. Wuri mafi tsawo da za ka kwana shi ne Gorak Shep, mita 5,164. Ka ga bambancin: abin da Marangu ke so ka yi a kwana uku da dare ɗaya, Nepal ta shimfiɗa maka shi a kwana takwas, kuma ba ta kai ka can ƙuryar tsawon ba. Ta fuskar sabawar jiki da tsawo, ga wanda bai taɓa wuce tudun Ader ba, Nepal ta fi sauƙin hali.

Ba wai na kore Kilimanjaro ba ne. Akwai hanyar Lemosho ta kwana takwas da Machame ta kwana bakwai, kuma suna da wata hikima: akwai ranar da ake hawa har dutsen Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can, a gangaro a kwana a Barranco ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana sama, ya yi barci a ƙasa. Idan Kilimanjaro ranka ya fi so, to Lemosho ta kwana takwas, ba ƙasa da haka ba.

Wahalar ma ba iri ɗaya ba ce. Ta Kilimanjaro a dare ɗaya take taruwa. Daga zangon Barafu, wajen mita 4,670, ana tashi da tsakar dare da fitila a goshi, a hau mita 1,200 cikin duhu da sanyin da kan sauka ƙasa da sifiri da digiri goma ko fiye, a kai Stella Point, wani wuri dab da ƙololuwa, wajen fitowar rana, a ƙarasa Uhuru, sannan a ranar a sauko har Mweka mai mita 3,100. Awa goma sha biyu zuwa sha biyar a tsaye. Gwiwoyi a saukowar suke kuka. Ta Nepal kuwa ba ta da dare irin wannan, amma ta fi cin rai: kwana da kwanaki cikin sanyi, hawa da gangara, gadojin igiya a kan kwazazzabo, barci ba ya nauyi, abinci ya fita daga rai, ga busasshen tarin da kan kama mutane a can saboda sanyin iska da ƙura. Wata aba kuma da ba kowa ke faɗa ba: daga sansanin kansa ba a ganin kan Everest da kyau. Sai an yi sammako an hau tudun Kala Patthar, sama da mita 5,500, sannan ake ganinsa sarai. A Kilimanjaro za ka tsaya a kan wuri mafi tsawo a duk Afirka. A Nepal za ka tsaya a gindin dutse mai mita 8,849 kana ɗaga kai. Kai ka san wanda zuciyarka ke nema.

Kafin duk wannan, akwai maganar da ta shafe mu fiye da Turawan da ke cika hanyoyin nan, kuma ita ce ta sa na zauna na yi doguwar amsa. Ka san rukunin jininka ta fuskar amosanin jini? A ƙasarmu masu ɗauke da ƙwayar, wato AS, suna da yawa, kuma da yawansu lafiya lau suke, ba su ma sani ba. A ƙasa ba ta damunsu, amma a kan tudu inda oksijin ya yi ƙaranci, musamman in an haɗa da gajiya da ƙishirwa, jinin yana iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba har kafaɗa. Mai ciwon kansa, wato SS ko SC, bai kamata ya kusanci wannan tafiya ba sam. Mai AS kuwa sai ya zauna da likita sun tattauna tukuna. A nan Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da amosanin jini, gwajin ba ya da wuya. Don Allah, kafin ka biya ko dala ta tikiti, ka je ka yi shi.

Ka kuma koyi alamomin ciwon tsauni tun daga gida. Ƙaraminsa ciwon kai ne da tashin zuciya da kasala da rashin barci, kuma daga mita 2,500 yana iya farawa. Wanda ya ji haka ba ya ƙara hawa sai ya warware. Babbansa iri biyu ne, kowanne yana kisa: ruwa ya taru a huhu, mutum yana zaune yana haki, tari da kumfa, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi, magana ta rikice. Maganin duka biyun saukowa ne nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai ƙwayar acetazolamide, wadda aka fi sani da Diamox, da ke taimaka wa jiki saurin sabawa. Likita ne ke rubuta ta, tana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma ba ta maye gurbin kwanaki. Sannan mu da muke fitowa daga ƙasar sauro, idan zazzaɓi mai zafi ya zo, kar a jingina wa tsauni kawai, a tuna da masassarar cizon sauro. A Nepal akwai ƙaramin asibitin masu ciwon tsauni a ƙauyen Pheriche, a kan hanyar, yana aiki a lokutan da matafiya ke yawa. Kowacce ka zaɓa, inshorarka ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da mita 6,000 da ɗauka a jirgi mai saukar ungulu.

Wajen kwana da abinci, bambancin a fili yake. A Lemosho da Machame tanti ne, kuma doka ba ta yarda a hau ba jagora ba. Da jagora da mai dahuwa da ƴan dako kake tafiya, kana iya gaya wa kamfanin tun daga Moshi, garin da ke gindin dutsen, cewa naman halal kake so. Ka ware tukuicin ƴan dakon nan cikin lissafinka tun farko, su ne ke ɗaukar kilo 20 a ka su riga ka isa zango. A Nepal masaukai ne a ƙauyukan Sherpa, mutanen yankin, ɗakin kwana ba wuta, sai falon cin abinci da ake hura murhu da busasshen kashin shanun tsauni. Ba a yanka dabba a can sama, naman da ka gani daga ƙasa aka ɗauko shi kwana da kwanaki, don haka ka haƙura da shi, ka riƙe shinkafa da miyar wake da suke kira dal bhat. Ka tafi da dabino da gyaɗa. Batun alwala a ruwan ƙanƙara, da taimama, da ƙasaru da haɗa salloli, ka tambayi malaminka kafin ka tashi, kuma kar ka sa tafiyar cikin azumi, domin ruwa lita uku zuwa huɗu ake so ka sha kullum.

Lokaci: Kilimanjaro ya fi kyau daga Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Nepal kuwa Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce a Nepal. Jirgin Lukla ƙarami ne, filin saukarsa mita 527 kawai, hazo kaɗan sai a soke tashi, don haka sai ka ajiye kwana biyu ko uku na ko-ta-kwana. In ka haɗa da hanya daga Yamai, mako ukunka zai isa amma ba rara. Kilimanjaro kuwa cikin kwana 12 ka je ka dawo, ta Addis Ababa. Katinka na rigakafin shawara ya kasance a hannu. Tanzaniya ta hana shiga da leda tun 2019.

Shirin jiki kuma ɗaya ne ga duka biyun, wata uku zuwa huɗu. Gudun ka ci gaba da shi, amma ba shi ne jigo ba. Abin da ake so shi ne tafiya mai tsawo da jaka mai kilo shida zuwa takwas a baya, awa huɗu, biyar, har shida, kuma kwana biyu a jere don ƙafa ta san tashi da gajiyar jiya. Ka tsallaka Gadar Kennedy zuwa Harobanda, ka nemi tuddan Trois Sœurs ka hau ka sauka ka sake hawa, kai da abokan tafiya. Tsakiyar mako kuma matakalar bene, kowanne ka samu izini, kuma ka ba saukowa muhimmanci kamar hawa. Bayan asuba za ka riƙa fita. A zafin Afrilu da Mayu kar ka gwada da rana. Takalmin tafiyar shi za ka fara saye, mai rufe idon sawu, da ɗan sarari a gaban yatsu, ka yi duk atisayen nan da shi. Sabon takalmi a kan dutse ya mayar da mutane da yawa gida.

Sanyin can kuwa, hunturunmu bai isa ya gwada maka shi ba. Kowace mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Tufafi hawa-hawa ake sawa: na ciki mai tsotse zufa, ba auduga ba, domin auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. A gwanjon Katako za ka iya dace da na tsakiya da hular sanyi, amma babbar rigar sanyi da jakar barci gara ka yi hayarsu a Moshi ko a unguwar Thamel ta Kathmandu, sun fi inganci. Tabarau mai tare hasken rana wajibi ne, da man kariya, domin ranar can sama tana ƙona baƙar fata ma. Rawaninka kuma ka tafi da shi, ka rufe hanci da baki, zai rage maka tarin nan ƙwarai.

Da ni ne kai, in sakamakon jini ya yi kyau kuma wurin aiki sun tabbatar da mako ukun cif, Nepal zan nufa a Oktoba ko Nuwamba, in bar Kilimanjaro sai jiki ya san mita dubu biyar. In kuwa hutun zai gaza, Lemosho. Duk kamfanin da za ka yi magana da shi, ka ce ya turo maka jerin wuraren kwana da tsawon kowanne, ka kawo nan mu duba tare kafin ka tura kuɗi.