Wata ɗaya a tashar labaran tsoffin taurarin Hollywood

Son finafinan kaboyi ne ya kai ni yin rajista a wata tashar intanet da ake biyan kuɗi duk wata, mai kawo tarihin tsoffin taurarin Amurka. Tun ina yaro nake kallon Randolph Scott a gidan kawuna. Ba zan faɗi sunan tashar ba, don kada in yi mata talla.

Shirin da na fara kalla na Rock Hudson ne, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Sun bayyana yadda kamfanonin fim na lokacin suke sa sharaɗin ɗa'a a kwantiragi, har abin kunya guda ya isa ya raba jarumi da abincinsa. A 1955 mujallar Confidential ta shirya fallasa cewa Hudson yana neman maza, sai wakilinsa Henry Willson ya toshe mata baki da sirrin wasu jaruman da ke hannunsa. A wannan shekarar Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar Willson, auren ya mutu a 1958. A watan Yulin 1985 aka sanar daga Paris cewa yana da cutar ƙanjamau, ya rasu ranar 2 ga Oktoba yana da shekara 59. Daga baya Marc Christian, wanda suka zauna tare, ya yi ƙarar magadan Hudson, ya ci shari'a a 1989. Nan akwai shaidu, akwai takardun kotu, kuma na tausaya wa mutumin.

Daga nan ne aka shiga tsegumi. Shirin Cary Grant da Randolph Scott, mai nuna wai akwai soyayya tsakaninsu, ya ɓata min rai ƙwarai. Gaskiya ne sun zauna gida ɗaya a Santa Monica a shekarun 1930, kuma mujallu sun buga hotunansu a gefen wurin iyo. To, hotunan nan su ne duk hujjar. Mai gabatarwa yana ta matso da hoton, yana rage murya, yana tambayar mu me muka gani. Bai faɗa ba cewa Grant da kansa ya kai ɗan wasan barkwanci Chevy Chase kotu a 1980 kan irin wannan magana, ko cewa 'yarsa Jennifer ta ƙaryata. Ita kuwa jaruma Katharine Hepburn, wandon da take sawa aka mayar shaidar wai tana neman mata.

Da na bi diddigi, galibin labaran daga bakin Scotty Bowers suka fito, tsohon mai sayar da mai a Hollywood, a littafinsa na 2012. Grant ya rasu a 1986, Scott a 1987, Hepburn a 2003. A dokar Amurka ba a yin ƙarar ɓata suna a madadin mamaci, shi ya sa ake jira sai sun kwanta dama. Ni abin da ya fi ci min rai ke nan, domin suna da zuri'a da ke ji suna gani, kuma a gidanmu an koya mana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Hoton tashar tas yake, amma tana shan data sosai. Ranar da wata ya cika na soke rajistar. Wanda ya riga ya biya, ya kalli na Hudson ya fita.