Rediyon Panasonic RF-562D, jikan National ɗin iyayenmu

Na gaji da sauraren labarai ta waya, don kullum sai cajin ya ƙare a tsakiyar rahoto, ga wuta ba tabbas. Shi ya sa na sayi wannan ƙaramin rediyo na Panasonic, RF-562D, mai zuwa da rigarsa mai kamar fata da maratayi.

Manyan batir biyu yake ci, kuma suna daɗewa har ka manta yaushe ka saka su. Yana kama FM da matsakaicin zango da gajeren zango. Tashoshin gari suna fita tangaran, ko eriya ba sai ka zaro ta duka ba. Gajeren zangon ne ke son haƙuri: ka miƙe eriyar, ka riƙa murɗa makamar tasha a hankali kana kallon allura tana tafiya a kan lambobi, shuuu ɗin na raguwa har muryar mai karanta labarai ta fito. Da dare da kuma sassafe ya fi kamawa. Muryarsa tana da kauri, ba irin ƙarar gwangwanin ƙananan rediyon da ake tallarsu a baro ba.

Wanda ya girma a gidan da ake da rediyon National zai ga kamanni, kuma ba mamaki, gida ɗaya suka fito. Konosuke Matsushita ne ya kafa kamfanin a birnin Osaka na Japan a 1918, shi da matarsa da ƙaninta, suna haɗa soket na lantarki a gidan haya. A 1927 ya fara sa wa fitilar keke sunan National, rediyo bai zo ba sai 1931, talabijin mai baƙi da fari kuma a 1952. Sunan Panasonic ya fito ne a 1955 a kan lasifikokin da suke kaiwa ƙasashen waje, har daga baya aka riƙa haɗa sunayen biyu a goshin rediyo, kamar yadda dattawanmu suka san shi. A 2008 kamfanin ya ajiye sunan Matsushita ya koma Panasonic gaba ɗaya. Nawa dai a Indonesiya aka haɗa shi, haka aka rubuta a bayansa.

Ba shi da wurin saka memori, ba Bluetooth, ba tocila. Mai neman abin jin waƙa a majalisa ya nemi wani. Wannan na mai shago ne da maigadi da manomin da ke son rataya shi a reshe yana aiki.

Sai dai a kula da jabu. Wani mai shago ya fara miƙo mini mai irin wannan riga a kusan rabin kuɗi, na ɗaga na ji shi sakayau, rubutun jikinsa ma a karkace. Kafin ka biya, ka sa a saka batir, ka gwada dukan zangunan uku a gabansa.