Kafin ka sayi na'urar sikanin mota ka tsaya ka ji wannan

Duk wanda ya taba kwana a Jos cikin Disamba ko Janairu yasan yadda asuba take, ruwan alwala ma sai an dora a wuta, toh mota ma haka take jin sanyin nan a jikinta. Lokacin ne zakaga ana tura motoci da sassafe daga Rikkos har Anguwan Rogo, kuma lokacin ne 'yan uwa ke yawan tambayata wai wace na'ura zasu saya su dinga duba mota da kansu tunda kudin sa kwamfuta a gareji ya fara yawa. Na yi amfani da iri uku a Corolla dina da motocin gidanmu, shi yasa nace bari in rubuta abinda na gani da idona.

Abu na farko, in matsalarka ita ce mota bata tashi da safe, ba sikana zaka fara saya ba, mita zaka saya, wannan karamar mitar da masu gyaran rediyo da 'yan riwaya ke rikewa mai waya ja da baka. Tafi komai araha a cikin kayan da zan ambata kuma wallahi tafi yawancinsu amfani. Dalili kuwa sikana tana karanta abinda birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya rubuta ne kawai, shi kuma birenbos sau da yawa baya rubuta komai akan batir da ya gaji ko kik da ya mutu ko kan batir da yayi tsatsa. Wata safiya yayana ya kirani yace kazo da kwamfutar nan taka motar taki tashi, naje na tarar in ya murda ki sai kaji kat kat kat da sauri, fitilun dasbod suna dushewa. Na jona sikana bata nuna lamba ko daya ba. Muka bude bonet sai ga wani farin gari mai dan kore-kore ya taru a kan batir kamar an barbada gishiri, ka sa hannu ka juya kan sai ya juyu. Na dora mita a jikin batir din ta nuna 12.5, kaga batir lafiya lau. Nace Yaya a kawo ruwan zafi, muka wanke, muka kankare da sanfefa, muka daure da sifana mai lamba 10, bugu daya ta tashi. Shi kuwa da har ya gama shawarar zuwa Dilimi neman wani batir.

Lissafin mitar ba wuya. Mota a kashe tun dare, batir mai cikakken caji zai nuna wajen bolt 12.6, in kaga 12.2 ya kai rabi, kasa da 12 kuwa ya sauka sosai. Ka sa wani ya murda ki kana kallo, in ya fadi kasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa batir din ya raunana. In mota ta tashi ya kamata kaga tsakanin 13.7 da 14.7, in yana nan a 12 da 'yan kai toh altaneta bata caji, ko sabon batir ka saka kwana kadan zai mutu. Sanyi yana rage karfin batir kuma yana sa bakin mai yayi kauri, shi yasa batir da yake ta maneji a Abuja da ka hau Hawan Kibo ka kwana a Jos sai asirinsa ya tonu.

Amma in kik yana juya injin da karfi gir gir gir kuma taki kamawa, ko tana tashi amma tana misin, ko wutar cek injin ta kunnu, nan ne sikana take shigowa. Kafin ka bada kudi ka leka karkashin sitiyari ka nemi wani soket mai ramuka 16, shine OBD2. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da shi, na Turai kuwa dokar ta kama masu fetur daga 2001, masu gas wato dizal daga 2004. Wannan yana da muhimmanci a nan garin saboda muna da tsofaffin Golf 3 da Vectra da 406 da yawa, wata zakaga soket din yana nan amma karamar na'ura bazata iya magana da ita ba. Corolla da Camry da Accord da Vibe 'yan Amurka kuwa basu da wannan rigimar.

A cikin sikana iri ukun, ta farko kuma mafi araha ita ce 'yar karamar nan kamar akwatin ashana da ake kira ELM327, ka makala ta a soket ta hadu da wayarka ta Bluetooth, ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner. Kudinta bai kai na cika tanki ba. Asalin guntun na'urar wani kamfani ne a Kanada ya kera shi amma kusan duk wanda ke kasuwa kwaikwayo ne daga Chana, kuma kwaikwayon hawa hawa ne, wata tayi aiki shekaru wata kuma tun ranar farko taki haduwa da mota. A gwajin da nayi mai rubutun 1.5 tafi mai 2.1 kama tsofaffin motoci, kar babbar lamba ta rude ka. Mai iPhone kuma ya tabbatar ya tambaya, don tsohon samfurin Bluetooth din baya shiga iPhone sai dai mai WiFi ko sabon samfuri. Sannan dan Allah ka dinga cire ta in ka gama, soket din yana da wuta ko an kashe mota, ka barta makale mota na ajiye sati guda kana iya tarar da batir ya sauka.

Duk da arahar tata ita nafi so wa mai mota daya, saboda tana nuna abinda injin keyi a daidai lokacin, zafin ruwa, gudun injin, iskar da ke shiga, yadda birenbos ke kara mai ko rage shi. Anan amfanin yake, ba a lambar kadai ba. Misali mota taki kamawa, ka kalli RPM, wato gudun injin, a waya ana murda ki, ya kamata kaga wajen 200 yana motsi, in ya tsaya a sifili injin kuma yana juyawa toh ka fara zargin sensar kiranshaf ko wayarta, ita ce ke bada P0335. In RPM na motsi sai ka koma bangaren mai, ka kasa kunne wajen tanki kaji ko fiyil fam yana kuka in an kunna ki, amma ka sani wasu Toyota famfon baya tashi sai ana juya injin, kar ka yanke hukunci da wuri. Ka duba fis da rile tukun. In kuma alamar makulli na ta kiftawa a dasbod, motar bata gane makullin bane.

Ta biyu ita ce ta hannu mai allonta da wayarta, irinsu Ancel da Foxwell da kananan Autel da Launch. Bata bukatar waya, bata bukatar data, daga soket take shan wuta, ka jefa ta a aljihun mota ka manta. Direban da ke jigila Jos zuwa Bauchi ko Kaduna, ko dattijon da baya son wahalar manhaja, wannan ce tasa. Sai dai a kula, mafi arahar cikinsu injin kawai take karantawa daidai da ta Bluetooth din, kaga ka biya ninki uku ko hudu akan allo ne kawai. In wutar ABS ko ta iyabag ce ta dame ka sai ka nemi wadda aka rubuta tana shiga injin da giya da ABS da SRS, kuma ka duba ko sunan motarka na cikin jerin da take dauka.

Ta uku manyan nan ne masu kama da tablet da kake gani a hannun masu sikanin a gareji, daga dubu daruruwa har sama da miliyan. Suna shiga ko'ina a mota, suna iya bada umarni ace fanka tashi ta tashi, a kashe nozul daya a ji bambanci, a saita totur bayan an wanke, wasu har makulli suke hadawa. In sana'arka ce ko kana dillancin motoci zata biya kudinta. Amma ka tambayi maganar sabuntawa, yawanci shekara daya ko biyu suke bayarwa kyauta daga nan kudi ne kuma da dala ake lissafi. Mai mota daya bashi da dalilin sayen wannan gaskiya. Akwai kuma hanyar laftof da kebul, Techstream na Toyota, HDS na Honda, Diagbox na Peugeot, VCDS na Volkswagen, suna da zurfi sosai akan motarsu amma sai mai hakurin kwamfuta, kuma wanda bai sani ba yana iya taba abinda zai jawo masa aiki.

Yanzu maganar da tafi damuna. Kowace ka saya, lambar da take nunawa ba sunan kayan da ya lalace bane, inda birenbos yaga abu ba daidai ba take nuna maka. Harafin farko P na injin da giya ne, C na birki da kafa, B na jikin mota, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. In lambar da ke bin harafin 0 ce ma'anarta daya a kowace mota, in 1 ce ta kamfanin ce sai ka nema da sunan motarka. Na taba kai Corolla wani gareji da P0171, mai sikanin ya kalli allo yace Oga oksijin sensa ce, na saya aka saka, bayan kwana uku wutar ta dawo. Abin ya bata min rai sosai don kudin ba kadan bane. Ita P0171 cewa take iska tayi yawa akan mai, ba cewa tayi sensa ta mutu ba, sensar ma gaskiya take fada. Da na zauna da kaina na kalli yadda birenbos ke kara mai, a silo yana haura kashi 20, in na taka totur sai ya sauko, alamar iska na shiga ta barauniyar hanya kenan. Na bi bakar robar da ta taso daga iyakilina zuwa totur ina lankwasa ta da hannu, sai ga tsaga a cikin nadin ta kasa wadda ido baya gani sai an matsa. Roba aka canza magana ta kare. Da ace karin man yana karuwa ne in an taka, da sai a zargi fiyil fam ko iyafulo, sensar da ke auna iskar da ke shiga injin, da kurar hunturu ta toshe.

Haka P0300 zuwa P0304, misin ne, daga P0301 lambar karshe ita ce silindar, ita P0300 bata ware silinda daya ba. In kaga P0302 kar ka yarda a ce ka sayi koyil hudu, a cire koyil na biyu a musanya da na uku a goge a zagaya, in ta koma P0303 koyil din ne, in ta tsaya a 2 sai a duba filogi da nozul. Kuma in wutar cek tana kiftawa ba tsayawa tayi ba, ka sassauta ka nemi wajen tsayawa, danyen mai ne ke zuba cikin salansa yana kona katalis, abin da ke tace hayaki. P0420 kuwa a motocinmu sau da yawa an riga an kwashe katalis din ne, abin nan da bakanikai ke cewa indomi, tun kafin motar tazo hannunka. P0128 ma tamu ce ta nan, an cire tamostat an hada fanka dairek wai don kar tayi zafi, a sanyin Jos injin bazai taba kai zafin da ya kamata ba, sai yayi ta shan mai kana zagin gidan mai. Na'urar Bluetooth zata nuna maka zafin ruwan, lafiyayyen injin yana zama wajen 85 zuwa 95.

Wani amfani da mutane basu sani ba shine wajen sayen mota. Wasu suna goge lambobi da safe kafin mai saye yazo, wasu ma cire kwan wutar cek din suke. Ka kunna ki ba tare da ka tayar ba, dole wutar cek ta kunnu, in bata fito ba akwai magana. Sannan ka shiga wajen da na'ura ke nuna gwaje gwajen da motar ke yiwa kanta, in yawancinsu sun nuna basu kammala ba toh kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai kace a baka ka zagaya da ita har Bukuru ka dawo ka sake dubawa. Kai ma in taka ce kar ka yi saurin gogewa, ka dauki hoton lambar da bayanin da ke tare da ita tukun, shi zaka nunawa bakanike.

Da ni za'a tambaya, mai mota daya ya sayi mita da 'yar Bluetooth, in kudi ya ragu kuma motar otomatik ce wadda ba'a turawa ya kara da karamin batirin jon, na tada mota in batirinta ya sauka, da ake cajawa a gida. Direban hanya ya dauki ta hannu mai shiga ABS. Babbar a barwa masu sana'a. Kuma duk wadda zaka saya kaje da motarka kofar shagon a gwada a gabanka, ka kashe mota ka zare soket din iyafulo ka kunna ki, na'urar kirki zata kawo lamba irin P0102 ko P0113 nan take, ka mayar da soket ka goge kaga ta gogu, sannan ka tayar ka duba ko RPM da zafin ruwa suna motsi a allo. In mai shago yace ba'a bude kwali sai an biya, ka nemi ya rubuta maka a rasit cewa zai karba in bata kama motarka ba, in yaki ka wuce shago na gaba.