Modem ɗin USB ko MiFi a kan Ubuntu: wanne za ka saya?

Ɗan'uwa, tunda ka ce Ubuntu, wato tsarin Linux da ke kan kwamfutarka, tana ganin tsohon modem ɗinka kamar faifan CD, kada ka yi saurin jefar da shi. Yawancinsu haka suke: da ka soka, sai su fara nuna kansu a matsayin faifan da ke ɗauke da manhajar Windows. Buɗe Terminal, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lsusb, zai jero maka na'urorin USB da ke jone. In na Huawei ne ka ga 12d1:1446, to bai juya ya zama modem ba. Ka jona wayarka da kebul ka ari intanet ɗinta, ka sauke usb-modeswitch, manhajar da ke juya shi ya zama modem, ka zare modem ɗin ka sake sokawa. In ya fito amma ya ƙi haɗuwa, duba APN, wato adireshin da layi ke bi ya shiga intanet; na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net.

Amma in sabo za ka saya, nemi Huawei E3372h mai tsarin HiLink, wato wanda ake saita shi ta burauza. Shi nake amfani da shi a shagona na buga takardu, shekara huɗu ke nan. Ba ya neman wata manhaja, kwamfuta tana ɗaukarsa kamar ka jona mata wayar intanet ta ofis. Ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.8.1, a nan za ka ga ƙarfin sabis, ka sa APN, har saƙon tes ka karanta. Lokacin rajistar JAMB ɗalibai sun cika min shago, sabis yana ta yankewa. Na sa yaron shago ya sayo doguwar kebul ta USB, muka rataye modem ɗin a jikin ƙarfen taga da robar ɗaure kuɗi. Fitilarsa ta bar kore ta koma ruwan sararin sama, alamar ya kama 4G, muka yi aiki har bayan isha'i bai sake yankewa ba. Shawara ɗaya: ka soka shi a ramin bayan kwamfuta, na gaba wani lokaci wutarsu ba ta isa.

MiFi kuwa, wato ƙaramar na'ura mai batir da ke raba intanet ta Wi-Fi, ya yi wa mai yawo da waya uku. Nawa na bar shi a caji dare da rana, batirin ya kumbura har murfin ya ɗage, kuma kwamfutar tebur da yawa ba su da Wi-Fi ma.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wani zai rantse maka an buɗe shi, yana cin kowane layi, alhali a kulle yake da kamfani ɗaya. Wani kuma tsohon 3G ne ya manna wa takardar 4G. Akwai kuma E3372s, sunansu kusan ɗaya, kuma ba kowane E3372 ne HiLink ba. Tafi da layi biyu na kamfanoni daban, a gwada a gabanka, ka cire murfin ka karanta lambar samfurin da ke ciki kafin ka miƙa kuɗi.