Nexus Repository 3: tana aiki, amma a tanadar mata RAM da faifai

Nexus Repository ta kamfanin Sonatype manhajar saba (server) ce da ke tara ƙunshin manhajoji (packages) da ake saukowa ta Maven, npm, PyPI, apt da Docker a wuri guda. Mutum ɗaya ya sauko da ƙunshi daga intanet, sauran ma'aikata su ɗauka daga gare ta, ba sai kowa ya ƙona data ba. A nan ta cancanci yabo. Wahalarta tana wajen tanadin RAM da faifai.

Da Java aka gina ta. A cikin fayil ɗin saitinta, nexus.vmoptions, an ware megabait 2703 ga -Xmx (iyakar babban rabon RAM na Java), da wani 2703 ga MaxDirectMemorySize (ƙarin RAM da take ɗauka ban da wancan), wato sama da gigabait 5 tun kafin Linux ya ɗauki rabonsa. Kwamfuta mai gigabait 4 ba za ta riƙe ta ba, a fara daga 8. A bar wa Linux kusan kashi ɗaya cikin uku na RAM, domin idan Java ta cinye komai, Linux zai kashe ta ba sallama. A daidaita -Xms (RAM da Java ke farawa da shi) da -Xmx su zama ɗaya, a kuma ɗaga adadin fayilolin da za ta iya buɗewa zuwa 65536.

Faifai ne ya fi ba da ciwon kai. Ƙunshin duka suna zaune a sonatype-work/nexus3/blobs, don haka a ba wannan wuri nasa ɓangaren daban, kada cikarsa ta tsayar da dukkan kwamfutar. Ƙunshin Docker, waɗanda ake kira images, su ne suka fi cin wuri, nesa ba kusa ba. Abin takaici, dokar share tsofaffin ƙunshi da ake saitawa a Nexus alama kawai take sa musu, ba ta goge su. Sai an tsara aikin Compact blob store, wanda ke goge waɗanda aka sa wa alama, ya riƙa gudana, misali kowane dare, sannan wurin zai dawo. Da yawa sukan ga faifai ya cika alhali sun "share".

Tsofaffin sigogin Nexus masu amfani da rumbun bayanai na OrientDB sukan daina karɓar rubutu idan sararin da ya rage ya gaza gigabait 4. Daga siga 3.71 ta 2024 an koma rumbun bayanai na H2 ko PostgreSQL. Ko wanne aka zaɓa, a ɗora rumbun bayanan a kan SSD, a haɗa sabar da UPS, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata shi. Ga ƙaramin ofishin da Ubuntu ko Debian kaɗai yake sabuntawa, apt-cacher-ng, manhajar da ke tara ƙunshin apt, ta fi sauƙi sosai.