Aikin yanar ido ga kurma: yadda ta kasance mana a wani asibiti a Damagaram

Duk mai ɗan'uwa kurma da za a yi wa aikin yanar ido, ina roƙonsa ya karanta wannan kafin ranar aikin. Kawuna muka kai wani asibitin ido a nan Damagaram. Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi, kuma ba ni da abin cewa a kan hannun likitan sai godiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda aka yi magana da marar lafiyan.

Sanƙarau ne ya ɗauke wa Kawu ji tun yana yaro. Bai yi makarantar kurame ba, don haka maganar hannunsa ta gida ce, mu da abokan cinikinsa na kasuwar Dole muka san ta. Idonsa ne kunnensa. Da yana ta rufe na dama, na hagu kuma ya fara hazo, har hira ta gagare shi.

Ga wanda bai sani ba, yawanci ba a sa babba barci a wannan aikin. Allura ake yi a gefen ido ta kashe wurin, mutum yana kwance a farke, a lulluɓe masa fuska da ƙyalle, a bar idon da za a yi wa aiki kaɗai a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Likita ya cire ƙwayar da ta yi fari, ya sa ta roba a madadinta, cikin minti 20 zuwa 30. Mai ji ana ta ce masa "kar ka motsa, Baba", "saura kaɗan". To kurma fa? Ba ya ji, an kuma rufe masa gani, ga shi motsi kaɗan na kai yana iya ɓata ido. An ambaci a sa shi barci gaba ɗaya, amma ga dattijo mai hawan jini likitan bai so haka ba, ni ma hankalina bai kwanta ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta warware mana. Allah ya saka mata da alheri. Ranar awo ta kwantar da Kawu a gado, ta ɗora masa ƙyalle a fuska, ta cire, ta sake ɗorawa, har ya daina zabura. Sannan muka shirya alamu da hannu. Idan na matsa hannunsa na riƙe, ya yi shiru kar ya motsa. Idan na shafa bayan hannun, komai lafiya. Shi kuma idan ya matsa nawa sau biyu, akwai zafi ko tari na zuwa. Ba ta yarda mu ƙara a kan haka ba, ta ce mai tsoro ba ya riƙe abu da yawa, kuma ta yi gaskiya.

Ranar aikin aka ba ni riga da hula, na zauna gefen gado, hannuna cikin nasa a ƙarƙashin ƙyalle. Ana tsakiyar aiki ya matsa sau biyu. Na ce, "Likita, tari zai yi." Nan take likitan ya janye hannunsa, Kawu ya yi tarinsa, na shafa masa hannu, aka ci gaba. Har yanzu idan na tuna abin da zai faru da ba mu shirya wannan alamar ba, gabana sai ya faɗi.

Akwai abubuwan da suka sosa mini rai. Da baki ake kiran suna a layi, kurman da ya zo shi kaɗai sai a wuce shi. Ma'aikata na magana da takunkumi a baki, alhali leɓe yake karantawa. Wajen neman yardarsa, ni aka fuskanta aka yi wa bayani, shi mai idon yana zaune ana magana a kansa. Sai da na tsayar da su na mayar masa da komai da hannu. Takardar magani kuma da Faransanci take, bayanin ɗiga maganin duk da baki. A gida muka zana masa hoton rana, ta safe, ta tsaka, ta yamma, da wata na dare.

Daren farko ma a shirya masa. An ɗaure idon aiki, ɗayan ba ya gani sosai, don haka sai wani ya kwana kusa da shi inda hannu zai kai.

Zan iya tura wani wannan asibitin, amma da sharaɗi: ya faɗa tun a awon farko cewa marar lafiyansa kurma ne, ya nemi a yi gwajin ƙyallen, ya kuma nemi izinin shigar wanda ya san hannun kurman, don ko tafintan da ya iya alamun makaranta ba lallai ya gane na gida ba. Mu dai an ba mu ranar idon hagu, kuma na roƙi a sa ta ranar da wannan baiwar Allah take bakin aiki.